Yadda ake nemo gonar kanyar Japan ka je ka tsinko da hannunka

Duk wanda ya taso a karkarar ƙasar Hausa ya san kanya, ya san yadda muke tsayawa ƙarƙashin bishiya da sanyin hunturu muna jifa da hoge ko sanda, wacce ta faɗo a goge a riga a jefa baki. To ita wannan da Turawa ke kira fasimon, 'yan Japan kuma suna ce mata kaki, 'yar uwar kanyarmu ce ta jini, dangi ɗaya suke a wajen masana tsirrai, sunan dangin Diospyros. Bambancin kawai ita ta ƙoshi, girmanta kamar babban tumatir, launinta ruwan lemo mai ɗaukar ido. Sunan ne dai bai yi wa Bahaushe daɗi ba, don mu kaki ko dai na soja ko kuma wanda ake tofarwa, shi ya sa ni kanyar Japan nake ce mata kawai a wuce wajen.

A Japan akwai gonakin da ake buɗe wa jama'a lokacin kaka, ka biya kuɗin shiga a miƙo maka almakashi da kwando ka shiga ka tsinka da kanka. Abin da suke kira kaki-gari ke nan, wato farautar kaki. Ga yadda ake yi daga farko har ƙarshe, musamman ga ɗalibai da ma'aikatanmu da ke can suna zaman ɗaki ranar Asabar ba su san abin yi ba.

Ka fara sanin wacce kake nema

Wannan shi ne gaba da komai, in ka tsallake shi bakinka ne zai biya. Kashi biyu ce babba: akwai amagaki, mai zaƙi, wacce za ka tsinka ka ci nan take tana garas-garas kamar tuffa, akwai kuma shibugaki, mai bauri. Kuma in na ce bauri ba irin na ɗanyar ayaba ba fa, ka tuna ɗanyar kanya da ka taɓa gatsa kana yaro, ka ninka shi. Shekarata ta farko wani dattijo maƙwabcinmu ya ba ni leda guda daga bishiyar gidansa, ya yi ta bayani da Japananci ina ta gyaɗa kai ban fahimci komai ba, ina shiga ɗaki na wanke ɗaya, ja-jawur da ita gwanin sha'awa, na gatsa. Wallahi ji na yi kamar an shafe min harshe da alli, leɓe ya manne da haƙora, yawu ya ɗauke ƙaf, na kuskure baki ya fi sau biyar abin na nan. Ashe tsohon cewa yake in feraye in shanya.

Abin da ke kawo haka sinadarin tanin ne, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. A mai bauri yana narkewa cikin yawu ya kama harshe, a mai zaƙi kuma ya riga ya daskare tun tana kan bishiya, ba ya narkewa.

Masu zaƙin da za ka fi haɗuwa da su a gona su ne Fuyu da Jiro. Fuyu ita ce sarauniya, zagayayya mai ɗan faɗi, asalinta jihar Gifu, an raɗa mata wannan suna a 1898. Jiro kuma daga garin Mori na jihar Shizuoka take, tana da kusurwa huɗu da ɗan tsagi a gefe, ta fi tauri. Akwai Taishu mai girma da ruwa sosai wacce ake ci tun da sauran kore a jikinta. Masu bauri kuwa akwai Hachiya, doguwa mai tsini a ƙasa, sai Hiratanenashi da Tonewase marasa ƙwallo. Mutane na cewa wai duk mai faɗi zaƙi ce, duk mai tsini bauri ce, kar ka dogara da wannan, Hiratanenashi shafaffiya ce kamar Jiro amma a kan bishiya bauri ne zalla. Waɗanda kake saya a kanti marasa ƙwallo masu zaƙi an riga an cire musu baurin ne kafin su iso.

Lokaci da wuri

Daga Oktoba zuwa farkon Disamba ne kakarta. Masu saurin nuna suna farawa tun ƙarshen Satumba, Jiro wajen ƙarshen Oktoba, ita kuma Fuyu watan Nuwamba ne nata. In so samu ne ka nufi farko zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin ganye ya fara ja, sanyi bai yi tsanani ba, kuma waɗanda suka riga ka ba su kwashe na ƙasa-ƙasa ba.

Jihar Wakayama ce ta fi kowa nomanta, sai Nara, Fukuoka ma tana sahun gaba. In kana Osaka ko Kyoto ka more: ka hau jirgin Nankai layin Koya daga tashar Namba, ka wuce Hashimoto ka sauka Kudoyama, garin Fuyu ke nan, kusa da shi kuma akwai Katsuragi. Ta ɓangaren Nara akwai Gojo, musamman yankin Nishiyoshino inda duwatsu gaba ɗaya gonakin kaki ne, har gidan tarihi suka gina mata mai siffar 'ya'yan itacen. Wanda ke Fukuoka ya bi layin jirgin ƙasa na JR Kyudai daga Kurume zuwa Tanushimaru ko Ukiha, can gonakin tsinka da kanka a jere suke a gindin dutse. Mutanen Nagoya su duba Gifu ko Toyohashi, inda ake noma Jiro da yawa. Arewa kuma, su Yamagata da Fukushima da Niigata, akasari masu bauri ake nomawa, don mai zaƙi tana son ɗumi lokacin nuna, in sanyi ya yi yawa baurin ba ya fita duka.

Wanda ke wata ƙasa shi ma bai rasa ba. A Amurka jihar Kalifoniya ce cibiyarta kuma lokacin kusan ɗaya ne, Koriya ta Kudu ma haka, can gam suke ce mata. Ostareliya da Niyuzilan ne abin ya juye, nasu daga wajen Maris zuwa Yuni.

Neman gonar

Kar ka nema da Turanci, ba za ka ga ko rabi ba. Kwafi wannan kalmar 柿狩り ka liƙa a Google Maps ka haɗa da sunan garin, gonakin za su fito. Manhajar Jalan ma tana jera wasu har da farashi kuma za ka iya kama gurbi ta can. Hanya ta uku, wacce ni na fi yarda da ita, ita ce ofishin yawon buɗe ido na garin, ko kasuwar manoma ta JA, wato ƙungiyar manoman Japan, ko tashoshin hutawa na bakin titi da ake kira michi-no-eki, su suka san wace gona ce ta buɗe a wannan makon wacce kuma ta ƙare.

In ka samu gona, ka duba kwanan watan hotuna da bayanan da mutane suka sa. Yawancin masu gonakin nan tsofaffi ne, wani ya daina karɓar baƙi shekara uku da suka wuce amma sunansa na nan a taswira. Saboda haka ka buga waya kafin ka kama hanya, in Japanancinka bai kai ba ka roƙi abokin karatu ko na aiki ya buga maka. Tambayoyin ba yawa: Kaki-gari dekimasu ka, wato ana tsinka yanzu? Yoyaku wa irimasu ka, sai an kama gurbi? Amagaki desu ka, mai zaƙi ce? Sai ka tambayi tsarin kuɗi, don iri biyu ne. Akwai tabehodai, ka biya kuɗin shiga ka ci iya cikinka a cikin gona, abin da za ka tafi da shi gida kuma a auna a kilo ka biya daban. Akwai kuma inda shiga kyauta ne ko ɗan kaɗan, duk abin da ka tsinka ka saya. Kuɗin ba ya kai na tsinkar sitiroberi ko inibi, sau da yawa ma kuɗin jirgi ya fi na gonar.

Tambaya ta ƙarshe ita ce nisa daga tasha. Gonakin a kan tudu suke, bas ɗin ƙauye kuma wani sau huɗu ko biyar yake wucewa a yini, in ka rasa na ƙarshe sai tasi, tasin Japan kuwa ka san ba keke napep ba ce. Ku haɗu ku huɗu ku ɗauki hayar mota in akwai mai lasisi, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da za ka riƙe

Tsabar kuɗi, don da yawa ba sa karɓar kati. Takalmi kafa-ciki mai kama ƙasa, ba silifas ba, ƙasar gangare ce ga ruɓaɓɓun 'ya'ya masu santsi. Riga mai dogon hannu, hula, 'yar wuƙar feraye in ba su bayarwa, tsumma ko tishu mai jiƙa don hannu zai yi danƙo. Ka tafi da sallaya da ruwan alwala a gora, a Nuwamba rana na faɗuwa wajen biyar saura a yankin Osaka, azahar da la'asar duk a can za su same ka. Ka isa da safe, akasari wajen huɗu na yamma sun rufe.

Zaɓe a kan bishiya

Da ka shiga mai gona zai nuna maka layin da aka buɗe, ka tsaya a nan, bishiyar da aka ɗaure da igiya ko aka sa wa 'ya'yanta takarda ba taka ba ce sai ya ce. Kar ka afka wa bishiyar farko kamar yadda kowa ke yi, ka taka zuwa ciki.

Abu na farko launi. Kana son ruwan lemo mai duhu wanda ya rufe jikin gaba ɗaya har ƙarƙashin hularta, wato ganyayyaki huɗun nan da ke manne a kanta. Daga ƙasa take fara nuna ta hau sama, don haka gindin zai iya yin ja alhali kafaɗar na nan rawaya-rawaya, ka ɗaga ka leƙa wajen hular, nan ne gaskiyar take. Na biyu hular kanta: ta kasance lafiyayya, huɗun duka suna nan, a manne da jiki ba rata. In akwai rata tsakanin hula da jiki ruwa da ƙwari na shiga, ba ta daɗewa. Na uku nauyi, ka tallafe ta a tafin hannu ba tare da ka ja ba, mai ruwa za ka ji ta cika hannu. In ka ga wani farin gari-gari a fatar kamar hoda ba magani ba ne ba datti ba, ita ke fitar da shi, alamar ba a tattaɓa ta ba.

Waɗanda ke wajen bishiya ta inda rana ke bugu sun fi na cikin inuwa zaƙi. Wacce ta yi ja sosai ta yi luguf fiye da 'yan uwanta tun lokaci bai yi ba, ka bar ta, galibi tsutsa ce ta shiga ta wajen hula. Ɗan tabo ko zane-zane a fata kuwa ba komai, a Taishu ma siraran zoben nan da ke zagaye gindinta alamar zaƙi ne. In ka yanka wata ka ga ɗigo-ɗigon baƙi a ciki kamar an barbaɗa riɗi, kar ka yar, goma suke ce masa wato riɗi, tanin ɗin ne ya daskare, irin wannan zaƙi gare ta.

Yankan kansa

Nan ne tarbiyyar kanya ba za ta yi maka aiki ba. Ba jifa, ba girgiza, ba fizga. In ka fizga, ko dai hular ta cire ta bar rami wanda kafin ka isa gida ya fara ruɓa, ko ka karya reshe, mai gona kuma ba zai ce maka uffan ba, murmushi kawai zai yi, amma ka ɓata masa.

Ka tallafe ta da hannun hagu daga ƙasa, ka sa almakashi da dama ka yanke tsinken da ya riƙe ta, ka bar ɗan tsawo. Bayan ta zo hannunka sai ka sake yanka na biyu, ka datse tsinken daf da hula ya zama ba abin da ya turo. Dalili, wannan ɗan guntun itacen kaifi gare shi, in ka zuba su a kwando shi zai huda ta kusa da shi, duk wacce ta huje kuma ta tashi daga ta ajiya. Ka yi hankali da bakin almakashi kar ya karce fatar. A kwando ka ajiye, kar ka jefa, hula tana kallon ƙasa, kuma kar ka tula sama da hawa biyu ko uku.

Amma in mai bauri ce za ka shanya, yankan ya bambanta: ka bar mata ɗan guntun reshe a gicciye kamar harafin T, nan za ka ɗaura igiya.

Kar ka hau bishiyar. Na san ƙafa za ta yi ƙaiƙayi, ga manya can sama suna kallonka, amma itacen kaki gautsi gare shi, reshe mai kauri sai ya ɓalle ba gargaɗi. A yi amfani da tsanin da suka ajiye mai ƙafa uku, a kafa shi sosai, wani ya riƙe. Kafin ka cusa hannu cikin ganye ka duba, akwai wata koriyar tsutsa mai ƙaya da suke kira iraga, in ta taɓa ka kamar wutar lantarki, ta fi gizaka zafi. Manyan rinan nan suzumebachi su ma suna son wacce ta fashe, in ɗaya ta zo kar ka kaɗa hannu, ka ja da baya a hankali. A yankunan duwatsu kuma beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, na saukowa cin kaki lokacin kaka, shi ya sa ba a yawo bayan shingen gona, musamman da asuba ko magariba.

Wani abu kuma, a ƙauyukan Japan za ka ga bishiyoyi a bakin hanya sun yi jingim ba mai taɓawa, suna zuba ƙasa. Zuciya za ta ce ai wannan ta Allah ce kamar kanyar daji. Ba haka ba ne, kowacce da mai ita, tsinka ba izini sata ce a dokarsu, kuma mafi yawansu ma masu bauri ne. In kuma ka ga an girbe bishiya tas an bar ɗaya tal a can ƙoli, ba mantuwa ba ce, al'adarsu ce, suna barin ta don tsuntsaye da fatan albarkar baɗi.

Ci a gona

Ka feraye, ka raba huɗu, ka cire ƙwallo. Biyu ko uku sun isa, ko da tabehodai ka biya kar ka ce sai ka fanshe kuɗinka. Yawan cinta, musamman da yunwa a ciki, yana iya sa tanin ya haɗu da ruwan ciki ya dunƙule ya zama kamar dutse, likitoci sun san wannan matsalar. Ka karya kumallo kafin ka fito. Ɓawo da ƙwallo a bokitin da suka ajiye, ba a ƙasa ba.

Bayan an dawo gida

Mai zaƙi in ka bar ta a kan tebur kwana kaɗan za ta yi laushi. In garas-garas kake so, ka jiƙa tishu ka ɗora a kan hular, ka naɗe kowacce a leda, ka kifa ta hula a ƙasa cikin firij, ta wajen hular take numfashi tana rasa ruwa, in ka toshe nan sai ta kai mako biyu har uku. Wacce ta riga ta yi luguf kar ka zubar, sa ta a firiza, ka yanke kan ka sha da cokali kamar askirim.

Mai bauri kuma hanyarta uku. Ta farko haƙuri: ka ajiye har ta nuna ta zama kamar ruwa a cikin fata, in ka sa ta a leda tare da tuffa ɗaya abin ya fi sauri. Ta biyu ita ce ta 'yan Japan, su tsoma hular cikin barasarsu shochu su ƙulle a leda kamar mako guda, ni dai ban bi wannan ba kuma na san yawancinmu ba za su bi ba. A sani ma, na kanti ana cire baurinsu ne da iskar kabon ko da alkohol, akwai kuma wata ta Wakayama mai suna Kinokawa-gaki da ake ɗaura wa leda da alkohol tun tana bishiya, mai son kauce wa wannan sai ya tsaya kan Fuyu da Jiro da ba sa buƙatar komai.

Ta uku ita ce shanya, hoshigaki, kuma ita ce dalilin da yanzu nake murna in an ba ni mai bauri. Ka feraye ta tas tun tana da tauri ka bar hula da guntun reshen nan, ka ɗaure biyu a igiya ɗaya, ɗaya a kowane baki, ka tsoma cikin tafasasshen ruwa daƙiƙa biyar zuwa goma don kashe funfuna, sai ka rataye a baranda inda iska ke kaɗawa ruwan sama ba ya taɓawa, kar su gogi juna. Sai sanyi ya sauka ake yi, in da ɗumi funfuna za ta riga ka. Hankaki ma yana nan yana jira, raga za ta yi amfani. Bayan kamar mako ɗaya fatar ta yi ƙarfi, sai ka wanke hannu ka riƙa murza kowacce a hankali duk bayan kwana biyu-uku, kana fasa tsokar ciki ba tare da ka fasa wajen ba. Wajen mako huɗu zuwa shida za ta yi duhu ta motse, farin gari ya feso mata, wannan sukarinta ne, in kore ko baƙi mai gashi-gashi ka gani shi ne funfuna. Ɗanɗanon kamar dabino mai laushi, baurin ya tafi gaba ɗaya. Nawa na bara na naɗe su ɗaya-ɗaya na jefa firiza tun Janairu, da azumi ya kama da su muka riƙa buɗa baki, guda ɗaya a yanka huɗu da kofin shayi.